To, Ina Namu? Sharhi Kan Karatun Dogon Hutu a Birazil

Makonni uku da suka wuce, bayan sallar isha'i, muka taru a zauren wani dattijo a nan Tina Junction don yi wa ɗansa barka da dawowa. Yaron yana karatu a wata jami'a ta ƙasar waje. A dogon hutun bana, kafin ya taho gida, jami'ar tasu ta kai su birnin Salvador na jihar Bahiya a ƙasar Birazil, suka yi mako shida suna koyon harshen Fotugal da al'adun baƙaƙen fatar ƙasar. Ya buɗe kwamfuta yana nuna mana hotuna. Ga mata cikin fararen kaya suna suyar ƙosai da manja a bakin titi, ga samari suna wani wasa mai kama da dambe da rawa a haɗe, ga makaɗa sun cika layi da ganguna. Can sai kawun yaron, wanda tun da aka zauna bai ce uffan ba, ya gyara zama ya ce, "To ɗana, mun ga na Yarabawa, mun ga na mutanen Angola. Ina namu?"

Yaron ya yi murmushi ya ce, "Kawu, naku a kwano na same shi." Ya nemo wani hoto: farar shinkafa ce ta dahu luguf kamar za a tuƙa tuwo, an zuba mata soyayyen busasshen nama da albasa da barkono. Sunanta a can arroz de hauçá, wato shinkafar Hausa. Ya ce cikin mako shidan nan wannan ne kaɗai abin da ya gani da sunanmu a jiki, sai kuma wani littafi da ya saya da kuɗinsa. Ya ciro shi daga jaka. Na masanin tarihin nan ne ɗan Bahiya, João José Reis, a kan boren bayi Musulmi na 1835. Mun karɓi aronsa tare da jadawalin karatun da suka yi, sun zaga hannu hannu a tsakaninmu, kuma ga abin da muka gani.

Yabon gwani ya zama dole, don haka mu fara da abin da karatun ya yi daidai. An sauki kowane ɗalibi a gidan mutanen gari, inda ba mai yi masa Turanci. Da safe aji, da yamma yawon gani da ido. Yaron da ya tafi bai san ko gaisuwa ba, ya dawo yana iya ciniki a kasuwa, yana karanta jarida in ƙamus na kusa. Kuma kada wani ya raina harshen. Mutum sama da miliyan 200 ke magana da shi a Birazil kaɗai. Shi ne harshen gwamnati a Angola da Mozambik da Gini Bisau, kuma yana cikin harsuna uku na aikin ƙungiyar ECOWAS. Mu kanmu muna taɓa shi ba mu sani ba. "Sabi" da "pikin" da muke ji kullum a Turancin buroka na tashar mota daga can suka samo asali, haka sunan Legas. Rogon da muke jiƙa garinsa da sukari ma daga wancan yankin Turawan Fotugal suka kawo shi. Sannan Birazil ta yi abin da ya kamata mu yi koyi da shi: tun 2003 ta kafa doka cewa dole a koyar da tarihin Afirka da na baƙaƙen fatarta a makarantu.

Inda muke da magana shi ne jadawalin yamma. An kai su Pelourinho, tsohuwar unguwar da sunanta ke nufin turken da ake ɗaure bawa a yi masa bulala. An kai su gidan bautar orisha, irin addinin gargajiyar Yarabawa da a can ake kira kandombile. An koya musu kapuwera, wasan da muka ce yana kama da dambe. An ɗanɗana musu akaraje, wanda ƙosai ne sak. Boren Musulmi kuwa lacca ɗaya aka ba shi, ta awa guda, kuma kalmar Hausa sau biyu ta fito a takardar da aka raba musu. Ɗalibin da ya bi wannan jadawali zai koma gida da tunanin cewa Afirkar da ta je Bahiya ganga ce da rawa da manja, ba ta san alƙalami ba.

Sai dai adalci ya sa mu faɗi dalili, don ba makirci aka ƙulla mana ba. Bayan rugujewar daular Oyo, daga shekarun 1820 har zuwa 1850 da aka hana shigo da bayi, Yarabawa ne suka fi yawa cikin waɗanda ake saukewa a Bahiya, kuma maza da mata ne. Matan ne suka kafa gidajen ibadar da suka riƙe harshe da waƙa har jikoki. Hausawan da aka kai kuwa kusan dukkansu maza ne. Daga baya masana suka bi inda abin yake da rai. Bafaranshen nan Pierre Verger ya ƙarar da rayuwarsa tsakanin Bahiya da ƙasar Yarabawa, kuma cibiyar nazarin Afirka da Jami'ar Bahiya ta kafa a 1959 ta soma koyar da Yarabanci tun farkon shekarun 1960. Ƙari a kan haka, karatun mako shida yana da ɗan ruwan yawon buɗe ido. Abin da za a ɗauka a hoto shi ke shiga jadawali. Ganga tana kiran 'yan kallo, allo ba ya kira.

Littafin Reis shi ya cike wa yaron wannan giɓi, mu ma ya cike mana. A ciki za ka ga cewa shekara uku kacal bayan fara jihadin Shehu Usmanu a 1804, hukuma a Salvador ta gano wani shirin bore na bayi Hausawa, a watan Mayun 1807. A Janairun 1809 wasu da suka gudu, akasari Hausawa, suka auka wa garin Nazaré. A Fabrairun 1814 aka tashi a wuraren kamun kifi na Itapuã, aka ƙona gidaje, aka yi asarar rayuka. Takardun shari'ar 1814 sun ambaci wani jagora da suka kira "malomi". Baturen da ya rubuta kalmar ya ji ta ne a bakin mutane, mu kuwa da ganinta mun san malami ake nufi.

Abin da ya fi burge mu a aikin Reis shi ne yadda ya fito da zaman yau da gobe na mutanen. Bayin birni suna fita neman kuɗi, su yi dako, su ɗauki masu hali a kujera, su yi ɗinki ko talla, sannan su kai wa ubangiji wani yankakken kaso, saura nasu. Duk wanda ya san tarihin Kano ko Zazzau ya san wannan, murgu ke nan. Suna da matattara a kusurwoyin titi, kowace ƙabila da tata da shugabanta, kamar dai 'yan dakonmu na Farin Gada. Suna zuba adashi don fansar kai. Suna karatu a allo, su wanke su sha. Suna ɗinka laya su rataya a wuya. Suna sa farar riga da ake kira abada, sunan da a yau ya koma kan rigar da 'yan bikin kanibal ke sawa. Wallahi akwai shafukan da in ka karanta sai ka ɗauka labarin wata unguwa ce a Rikkos ko Gangare.

A nan ne kuma littafin ya gyara mana baki. Sau nawa muka ga ana yaɗawa a Facebook da WhatsApp cewa wai Hausawa sun yi jihadi a Birazil a 1835? Tsohon masanin Bahiya Nina Rodrigues, wanda ya rasu a 1906, shi ma ya ba Hausawa babban matsayi a lamarin. Reis ya koma takardun shari'a ya ƙirga waɗanda aka kama, ya tarar mafi yawansu Yarabawa ne. Kalmar malê ma da ake kiransu da ita daga imale ta fito, wato Musulmi da Yarabanci. Malaman boren sun haɗa da Ahuna da Pacífico Licutan, Yarabawa, da Luís Sanim, Banufe, da Bahaushe ɗaya fitacce, Elesbão do Carmo, wanda ake kira Dandará, 'yantacce mai sayar da taba kuma mai koyar da karatu. An shirya tashi da asubahin Lahadi, 25 ga Janairu, cikin goman ƙarshe na azumi. Wata 'yantacciyar mace ta kai wa hukuma labari, don haka faɗa ya ɓarke tun cikin dare, shiri bai kammala ba. Mutum kamar 600 suka fito, akasari da takubba da wuƙaƙe, har sojan doki suka murƙushe su a Água de Meninos. Sama da 70 suka mutu. An harbe huɗu ranar 14 ga Mayu. An yanke wa Licutan bulala 1,000, duk da cewa daren boren yana tsare a kurkuku saboda bashin da ake bin ubangijinsa. An kori ɗaruruwan 'yantattu zuwa Afirka. Saboda haka namu rabon ya fi yawa a 1807 da 1809 da 1814. Na 1835 na 'yan'uwanmu Yarabawa ne, muka taya. Mu karɓi namu, mu bar wa mai abu abinsa.

Akwai muhawara tsakanin masana da ya kamata mai karatu ya sani. Paul Lovejoy yana ganin ba za a fahimci waɗannan bore ba sai an haɗa su da jihadin Sakkwato. Reis yana ganin zafin bauta da haɗin kan ƙabila sun yi tasiri kamar yadda addini ya yi, kuma akwai waɗanda ba Musulmi ba cikin masu boren. A namu ganin kowannensu ya riƙe gefe ɗaya na tabarma. Mutanen da aka kama a fagen fama sun tsallaka teku da sanin yaƙi da karatunsu. Amma fa yaƙin Gobir ɓangare biyu gare shi, kuma jirgin bayi bai tambayi kowa tutar da ya bi ba. Mai yiwuwa ne wanda ya yi wa Shehu yaƙi da wanda ya yaƙe shi su kwana ɗaure da sarƙa ɗaya. Ga kuma tambayar da ba ma son ji: wa ya kama su, wa ya sayar? Kafin su isa hannun Bature a Legas ko Badagiri ko Wida, inda ake musayar mutum da tabar Bahiya, sun bi ta hannun baƙaƙe irinsu, kuma cikin masu kamun da masu fataucin har da namu. Wanda zai yi alfahari da malomi na 1814, to ya haɗiye wannan ma.

Babban raunin littafin ba laifin marubucin ba ne, amma rauni ne. Kusan duk abin da muka sani game da mutanen nan daga takardun 'yan sanda da na kotu ya fito. Mutum yana tsaye gaban mai tuhuma, bulala na jiransa, yana magana da harshen da ba nasa ba, akawu yana rubuta abin da ya ji ko abin da ya ga dama. Sunayen ma na baftisma ne da iyayengiji suka laƙa musu. Takardun Larabcin da aka ƙwace a gidaje da jikin gawarwaki, hukuma ta ɗauka wasiƙun makirci ne, har ta nemo wani bawa Bahaushe mai suna Albino ya fassara mata. Akasarinsu ayoyi ne da addu'o'i da hatimai, wasu ma rubutun 'yan koyo ne. Ku duba halin da Albino ya shiga: an miƙa masa layar ɗan'uwansa an ce ya karanta, kowace kalma tana iya kai wani ga turke.

Ko waɗanda aka saurara a waje da kotu ba su tsira ba. Ƙaramin jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya zauna da Hausawa suka ba shi labarin garuruwansu da hanyoyin fatauci, ya buga littafi a 1851. Amma abin da ya ɗora a kan sunan littafin shi ne jita-jitar wata al'umma ta mutane masu wutsiya. Mahommah Gardo Baquaqua, haifaffen Jugu a arewacin Binin ta yau, kan hanyar fataken goro zuwa Gwanja, wanda mahaifiyarsa Bakatsiniya ce, ya yi bauta a Birazil, ya tsere a New York a 1847, aka buga tarihinsa a Detroit a 1854. Shi ma da hannun wani Bature mai gyara labarin ya fito. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma a nan mai waƙar ba a bar shi ya rera da kansa ba.

To me ya rage? Wani malami ɗan Bagadaza, Abdurrahman al-Bagdadi, ya sauka Birazil a tsakiyar shekarun 1860 ya tarar da Musulmi baƙaƙe suna ibada a ɓoye, 'ya'yansu kuwa suna zamewa zuwa coci. An soke bauta a 1888, kuma kafin a yi nisa cikin ƙarni na 20 tsofaffin sun ƙare, karatun ya tafi da su. Waɗanda suka komo gida sun bar alama. Masallacin Shitta-Bey na Legas, wanda aka buɗe a 1894, wani magini daga cikin waɗanda suka dawo daga Birazil ne ya jagoranci gininsa. A Ankara ta Gana akwai jama'ar Tabom da suka sauka a 1836. A Bahiya kanta akwai ƙungiyar makaɗa mai suna Malê Debalê a Itapuã, da reshen jami'a da aka sa wa sunan Malê a São Francisco do Conde. Sunan Hausa kuwa ya maƙale a kwanon shinkafa.

Nan ne maganar ta zo gida. Ba muna kwatanta zamanmu da bauta ba ne, Allah ya kiyaye, kakanninmu da yawa da ƙafarsu suka hau dutsen nan neman halali. Sun zo haƙar kuza, sun zo fawa da koli da dako da koyar da allo, musamman bayan jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914. Wasu kuma an kwaso su ne a diban gwamna lokacin yaƙin duniya na biyu. Amma mu tambayi kanmu: in wani ɗalibi ya zo daga Birazil nan da shekara ɗari yana neman labarin mutanen Tina Junction da Dutse Uku, me zai tarar a rubuce? Rahoton kwamitin Fiberesima kan 1994, na Niki Tobi kan 2001, na Ajibola kan 2008, da labaran jaridu na Janairun 2010. Wato zai same mu ne a ranakun da muka fi baƙin ciki, cikin takardun masu bincike, daidai yadda Reis ya sami Dandará. Ba zai ga wanda ya haƙa rijiyar farko a layinmu ba. Ba zai ga matar da ta yi shekara talatin tana karɓar haihuwa ba ta tambayi addinin mai naƙuda ba, ko maƙwabcin Afizere ko Anaguta ko Birom da ya ɓoye 'ya'yanmu a ɗakinsa, ko namu da ya ɓoye nasa. Maƙwabtanmu suna da nasu labarin kuma suna da haƙƙin faɗarsa. Namu in ba mu rubuta ba, akawun kotu zai rubuta mana.

Saboda haka hukuncinmu kan karatun dogon hutun shi ne: yana da kyau a matsayin ƙofa, amma wanda ya tsaya a bakinta bai ga ɗaki ba. Ga hujja a hannu. Littafin da yaron ya kawo fassarar Turanci ce ta 1993, daga bugun farko na 1986. A 2003 Reis ya sake fitar da shi da harshen Fotugal, ya faɗaɗa shi ya haura shafi 600, kuma a 2014 ya rubuta maƙala ta musamman kan boren 1814, ita ma da harshen. Mai Turanci kaɗai rabin labari yake samu. A ɗaya gefen kuma, takardun Larabcin nan suna nan a ma'ajiyar takardun tarihi ta jihar Bahiya, da irin rubutunmu na allo. Yaron da ya yi tsangaya a Jos zai gane harafin da hatimin da kallo ɗaya, abin da ɗalibin Amurka zai shekara yana koyo. Mabuɗi biyu ƙofar take so. Ɗaya yana hannunmu tun muna yara, ɗayan ne ba mu nema ba.

Kuma neman sa ba sai ɗan mai kuɗi ba. Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife tana koyar da harshen Fotugal. Gwamnatin Birazil tana da shirin da ake kira PEC-G, wanda ke ba ɗaliban ƙasashe irin Najeriya gurbin digiri ba kuɗin makaranta, sai dai ci da kwana na wuyan iyaye, kuma sai an ci jarrabawar harshe mai suna Celpe-Bras. Wanda zai yi mako shida kawai, mu ba shi shawara ya fara koyon harshen tun daga gida, ya nemi a sa masa ziyarar ma'ajiyar takardu cikin jadawali, kuma ya riƙa tambaya kafin ya ci, don naman alade yana shiga girkin waken da suka fi so. Wanda ba zai je ko'ina ba, gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952 yana da tarin rubuce-rubucen Larabci na ƙasar nan, kuɗin keke ne tsakaninmu da shi. Mu nawa muka taɓa leƙawa? Sannan kowane gida yana da waya mai ɗaukar murya, kuma tsofaffinmu ba jiranmu za su yi ba. Wannan mujalla a shirye take ta buga duk hirar da aka kawo mata.

Da za mu tashi a daren nan, kawun ya sa aka sake nuno masa hoton shinkafar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wanda ya fara dafa wannan tuwon gida yake marmari, bai sami abin tuƙawa ba." Yaron ya ce in Allah ya yarda zai koma baɗi, kuma wannan karon da allonsa zai tafi. Kawu ya ce, "Kafin ka tafi, ka zo da wayarka ka zauna. Akwai yadda kakanka ya baro Kazaure ya zo garin nan, ban taɓa gaya wa kowa ba." Allah ya ji ƙan waɗanda suka kwanta a can da waɗanda suka kwanta a nan, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.